Jitar da ka gani a kan kujera ranar arba'in

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma ban ji haushin tambayarka ba. Ka ce an turo maka bidiyo ta WhatsApp, ka ga an tare titi da rumfuna a Nima, unguwarmu a babban birnin Gana, mata sun yi anko, malamai suna karatu a gefe guda, ga wasu dattawa sun yafa baƙin zane irin na Tonawa, wato Ashanti, ga kuma jita an jingine a kan kujera ba mai taɓa ta. Ka ce, "Baffa, wannan makoki ne ko biki? Kuma yaya aka yi Bahaushe ya zama makaɗin rok har limamai suka taru dominsa?" Arba'in ɗin abokina ka gani. Tare muka yi makarantar allo, ni ne kuma na shiga kabarinsa na karɓe shi. Don haka zan ba ka amsa a tsanake.

Kakansa Ba'agale ne, fataucin goro ya kawo shi Gwanja, kamar yadda ya kawo kakana. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu Kumasi, wasu Kete Krachi, wasu har bakin teku. Ta haka muka zama 'yan Ankara, wadda ku kuke rubutawa Accra. Abin da nake so ka fara ganewa shi ne zango ba unguwar Hausawa zalla ba ce. Akwai Mosawa, Zabarmawa, Dagwamba, Kotokoli, Wangarawa, Fulani da Yarbawa, Hausa ce kawai ta haɗa bakinmu, salla ta haɗa goshinmu. Da ka tsallaka titi kuma sai Ankarawa masu ƙasa da Tonawa. Yaron zango yana tashi da Hausa a gida, Tonanci a kasuwa, Turanci a makaranta, kunnensa kuwa tun yana goye yake jin hailaif, kiɗan rawa na Gana, daga rediyon maƙwabta.

Shi tun muna yara hannunsa ba ya zama. Da gwangwanin man gyaɗa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yana ɓoye ta a bayan tukunyar kokon mahaifiyarsa. Amma daren da ya juya masa rai shi ne na 6 ga Maris, 1971, bikin cika shekara 14 da samun 'yancin Gana. Aka kawo mawaƙa daga Amurka filin Black Star, aka kira taron Soul to Soul. Wilson Pickett ya zo, Ike da Tina Turner sun zo, Santana ma ya zo. Mu biyu muka sulale bayan isha'i, a ƙafa muka tafi. Ni Wilson Pickett na je gani, kamar yawancin samarin lokacin. Shi kuwa da Santana ya ja waya ɗaya ya riƙe ta tana kuka, ganguna suna amsawa a ƙasa, sai ya damƙe mini hannu har ya yi mini shaida, ya ce da ni wannan ai goge ne aka sa wa lantarki. Gari ya waye mana a can. Asubar da muka rasa ta jawo mana duka a gidajenmu biyu.

A shekarar ce makaɗan ƙungiyar Osibisa suka fitar da faifansu na farko a Landan, cikinsu har da 'yan Gana uku, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio. Samari suka ga ashe ana iya ɗora rok a kan gangunan gida duniya ta saurara. Kowace unguwa sai da ta yi ƙungiyarta. Kayan kiɗan ba na makaɗan ba ne, na mai otal ne ko wani ɗan kasuwa, shi zai saya ya riƙa biyan su kamar leburori. Abokina ya shiga irin wannan ƙungiya, shi kaɗai ne Musulmi a cikinsu. Abin da ya bambanta shi, yana ɗauko jan goge da tafiyar garaya ya zuba a jita, ya ƙure mata murya har ta dusashe, sa'an nan ya rera da Hausarmu ta zango. Bai taɓa yin faifai ba. Kaset ɗaya ne ya rage, wanda wani ya ɗauka daga cikin 'yan kallo, hayaniya ta fi kiɗan yawa.

Ba zan ɓoye maka ba, ba a karɓe shi da hannu biyu ba. Mahaifinsa mahauci ne mai tsananin riƙo da addini, ya yi shekaru ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. An kira shi ɗan iska, kuma gaskiya ne wuraren da yake kiɗa ana sayar da giya, ana raye-raye har asuba. Gidaje biyu sun hana shi aure. Sai dai akwai wani abu da ya ɗaure wa dattawanmu kai. A wurinku an san matsayin maroƙi, an san gadonsa, an san wanda yake wa kirari da abin da ake ba shi. Shi kuwa ba ya wasa kowa, ba ya bin masu kuɗi, ba a yi masa liƙi, albashi yake karɓa ran Litinin. Ba maroƙi ba ne, ba kuma ma'aikaci ba ne irin wanda suka sani. Suka rasa inda za su ajiye shi, sai suka zuba ido su ga halinsa.

Ka kuma san irin zaman da muke yi. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Muna kallo aka loda maƙwabtanmu a manyan motoci, wasunsu a nan aka binne cibiyarsu. An ce mana mu 'yan Najeriya ne. Da tattalin arzikin Gana ya durƙushe, abokina ya bi sauran makaɗa zuwa Legas, inda ake da kuɗin mai da gidajen rawa. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan guda suka dawo. Yana cikinsu. Ya gaya mini ya yi wa jami'in da ya tare shi magana da Hausa, mutumin ya saurari lafazinsa, ya ji yana ce wa mace "ya zo", ya tura shi layin 'yan Gana. Daga tashar jirgin ruwa ta Tema ya iso Nima da jitar nan a rataye, ba akwati ba jaka. Ita ce ka gani a kan kujera.

Ya dawo ya tarar da yunwa, ga dokar hana fitar dare da sojojin Rawlings suka kafa bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1981, wadda ta wuce shekara biyu. Makaɗin dare kuwa in an hana dare an kashe masa kasuwa. Kayan kiɗa aka ɗora musu haraji mai nauyi, masu biki suka koma ɗaukar masu sa faifai da manyan lasifika. Abokan kiɗansa wasu suka tafi Jamus, mafi yawa suka shige coci, don can ne kaɗai ake da jita da ganguna da abin biyan mutum. Sun yi masa tayi, da kyakkyawar niyya. Ya yi godiya ya ƙi. Ya kafa ɗan teburi a bakin lungu yana gyaran rediyo da amfilifaya, ya shekara kusan arba'in a wurin.

A nan ne zango ya yanke hukuncinsa a kansa. Lasifikar masallacinmu in ta shaƙe, shi ake tasa ko da tsakar dare ne, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ina ganinsa yanzu a kan tsani kafin asuba, tocila a baki, yatsun hagunsa masu kanta suna murɗa waya, yana ce wa ladan ya gwada. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, shi ne mai kafa na'urar magana ya kuma kwashe ta. In ruwan sama ya cika babban kwalbatin Nima ya shiga ɗakunan mutane, da shi ake kwasar tsofaffi. Shi ya yi jinyar mahaifin nan nasa har ya cika a hannunsa. Mu da muke zaune a ƙasar da ba mu da gona ba mu da gandu, jarinmu shi ne wanda zai fito in an kira. Da wannan ma'auni muke auna mutum, kuma da shi limaman da ka gani suka auna shi.

Ya rasu da daddare, muka yi masa wanka da sutura, aka sallace shi bayan azahar, muka kai shi maƙabartar Madina, wata unguwa ce a nan Ankara, kada sunan ya ruɗe ka. Ba kiɗa, ba fure, ba akwati mai ado. Tsofaffin abokan kiɗansa ba su ji ba sai da muka dawo. Mai gangarsu, Ba'ankare ne da ya haura saba'in, ya zo ƙofar gida yana kuka kamar yaro, yana cewa don me muka yi gaggawa, don me ba mu bari ya ga fuskarsa ba. Su a al'adarsu gawa takan yi makonni ko watanni a firij, a buga hotuna a manna a bango, dangi su taru daga ko'ina, a kwana ana ban kwana. Gaggawarmu a idonsu kamar jefar da mutum ne. Na riƙe shi na yi masa bayani iyakar iyawata, amma na san bai gamsu ba.

To, shi ya sa addu'ar arba'in take da girma a wurinmu fiye da yadda na ga ana yi a Kano. Uku da bakwai namu ne na cikin gida. Arba'in ita ce ƙofar da muke buɗe wa maƙwabtan da ba Musulmi ba su zo su yi ta'aziyya a yadda suka iya. Gidajen Nima ƙanana ne, dole a fito titi a kafa rumfa. Ankon da ka gani mu yayi muke ce masa, ƙungiyoyin mata ne da suke adashe tare, da kuɗinsu aka dafa shinkafa aka soya masa da pinkaso. Baƙin zane da ja tufafin makoki ne na Tonawa da Ankarawa, girmamawa ce. Teburin da ake rubuta gudummawa a littafi daga wurinsu muka koya, abin da aka tara kuwa hannun matarsa ya shiga. Akwai masu ganin duk wannan bidi'a ne, ɗansa na fari ma yana cikinsu, kuma ban raina hujjarsa ba. Inda ake cin bashi don a burge jama'a, ni ma ina tare da shi. Amma mutanen da suka ci kwano ɗaya da mahaifinsa a Legas, suka kwana tare a tasha ana korarsu, ban ga yadda za a ce musu babu ranar da za su zauna su yi kukansa ba.

Sun roƙa a bar su su kaɗa waƙa ɗaya. Iyali suka ce a'a, wurin karatun Alƙur'ani ne. Ba su yi musu ba. Mai gangar ne ya ce to a fito da jitar ta zauna a cikinsu. Ɗan nasa da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya jingine ta a kujerar da ke tsakanina da su. Da aka shafa fatiha na ga tsofaffin nan sun ɗaga hannu yadda suka ga muna yi. Nasu kiɗan sun yi shi wani dare dabam a wurinsu, na kuma je, na zauna a baya na saurari jan gogen nan nasa a hannun wani.

Bai taɓa taka Kano ba, ko da yake kullum yana cewa zai je ya ga Dala ya ga Kurmi inda kakansa ya ɗaura kaya. Ina roƙonka ran Juma'a ka sayi goro ka kai wa limamin unguwarku, ka ce wani jikan Agalawa ya rasu a Gana, a sa shi a addu'a. Zan turo maka sunansa da na mahaifinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ka gaida mahaifiyarka da yara.