Tambaya da Amsa: Yaya gidauniya za ta gane kuskurenta?

Tambaya: Ina aiki a wata ƙaramar gidauniya mai raba tallafi ga ƙungiyoyi. Duk rahoton da ya zo mana, aiki ya yi kyau. Ta ina za mu gane inda muka kauce?

Amsa: Malama, mai jiran kuɗin baɗi ba zai ce miki bana ya gaza ba. Ku raba zaman bitar aiki da zaman sabunta tallafi, ko da wata uku ne tsakani. Sannan ku sa wani na waje ya ji ra'ayin ƙungiyoyin ba tare da rubuta suna ba.

Amma babban aikin tun kafin a saki kuɗi yake. Ku rubuta a shafi ɗaya: me muke sa ran zai canza, cikin wata nawa, wace alama ce za ta nuna hasashenmu bai yi daidai ba? In babu wannan takarda, ƙarshen shekara sai a kawo muku hoton mutum arba'in a ɗakin taro da takardar sa hannu. Wannan ƙidayar kujeru ce kawai.

Manya ma suna tuntuɓe. Gidauniyar Gates ta zuba kimanin dala biliyan 2 a makarantun sakandaren Amurka, galibi don mayar da su ƙanana. A 2009 Bill Gates ya amsa cewa da yawansu ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai sosai ba, aka karkata ga ingancin koyarwa.

Kowane jami'i ya karanta bitar bara kafin ya duba sabuwar buƙata, musamman sabon ɗauka.