Ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan barantakar kakanta

'Yar'uwa, kin ce kakanki bara ne a gidan wani attajiri a cikin gari, har yau babanki na tura ku gaisuwar sallah gidan, abin ya fara yi miki nauyi, kina tambaya ko ki daina zuwa. Ni ma a irin wannan gidan na tashi, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kakana almajiri ne daga wajen Bichi. Da dakon goro zuwa kasuwar Kurmi ta Kano ya fara wa wani Alhaji, har ya zama yaron gida: share zaure, kai wa baƙi tuwo, daga baya riƙon mukullin sito. Babu albashi. Ci da sha da kayan sallah ne, in aure ya zo ubangida ya biya sadaki ya ba ka ɗaki. Zamanin dalar gyaɗa aka riƙa ba shi kuɗi da sikeli yana shiga ƙauye saye, a nan ya haɗa jarin da ya gina gidanmu.

Ki sani bara daban, bawa daban. Bara ɗa ne, da ƙafarsa ya zo, yana iya sauya ubangida. Bauta kuwa sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa, kuma bayi da yawa ba su bar gidajen iyayen gijinsu ba, shi ya sa yau ake cakuɗa labaran biyu.

Abin da na fi so ki bincika shi ne ɓangaren mata. Kakata ita ta yi rainon 'ya'yan gidan, ta kuma shayar da ɗaya tare da babana lokacin da uwarsa ta kwanta jinya. Kin ga wannan ya wuce aiki, 'yan'uwantaka ce ta nono, har aure take haramtawa. Mu sai da ake maganar haɗa wani aure wata tsohuwa ta tuno, aka fasa. Ki tambayi tsofaffinku tun suna raye.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ɗaci. A wani ɗaurin aure wani jikan gidan, yaro ƙarami, ya nuna babana ya ce "ɗan baranmu ne", alhali a shekaru babana ya haife shi. Ranar ban yi barci ba.

Duk da haka ban yanke ba. Hajiya babba tana nan, ita kaɗai ta rage mai kiran babana da sunan yarinta. Duk sallah ina zuwa da turarena in durƙusa in gaishe ta. Kuɗin da ake miƙowa ne na daina karɓa, kuma 'ya'yana mata ba sa zuwa wanke-wanken biki. Babana ya ji zafin wannan da farko, sai da na zaunar da shi sau biyu. Ke ma da Baba za ki fara magana, cikin ladabi, kuma ba ranar sallar ba.