Re: farautar talotalon daji a gonar maƙwabcina a Wiskonsin, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka da zuwa cikin sanyin nan namu. Na ga tambayarka, kace manomin da kuke maƙwabtaka da shi ya baka izinin harbin talotalon daji a gonarsa idan bazara ta shigo, kuma kana so ka san kayan da zaka saya da yadda ake kiran su. Toh ni dai na daɗe ina wannan abu a gonakin shanu na yammacin jihar nan, kuma gaskiya kayan da zaka saya su ne ƙaramin abu a ciki.

Fara da takardu tukuna, musamman idan da bizar karatu ko ta aiki kake zaune, domin dokar tarayyar Amurka ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma mai lasisin farauta da bai ƙare ba yana cikinsu, saboda haka lasisi ne farko kafin ka ko taɓa bindigar wani, dan Allah kar ka ɗauki wannan da wasa. Idan an haife ka daga 1 ga Janairu 1973 zuwa sama sai kayi kwas ɗin koyon farauta, ko kuma ka fita ƙarƙashin wani mai lasisi yana kusa da kai. Sannan akwai lasisin talotalo da sitam ɗinsa da kuma takardar izinin harbi, duk a shafin intanet na Go Wild na DNR, wato hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, ake samu. An raba jihar shiyya 7, lokacin kuma kashi 6 ne kowanne kwana 7, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, ana rufe cike fom ɗin neman takardar izinin ranar 10 ga Disamba, in ya wuce ka akwai ragowar takardun da suke sayarwa a watan Maris. Mai gemu, wato tukkun gashin da ke fitowa a ƙirji, ko namiji kaɗai ake harbi a bazara, guda ɗaya a kowace takarda, kuma in ka samu sai kayi masa rajista kafin ƙarfe 5 na yamman washegari. Zuba musu masara don su taru haramun ne a doka, haka kiran da ake kunnawa a waya ko sifika.

Yanzu ga asalin maganar. Mu da muka taso muna ganin farauta da karnuka da gora da ihu, ana tayar da zabbi da makwarwa ana bin su da gudu, to ka ajiye wannan gaba ɗaya, nan farautar zama ce. Tsuntsun nan idonsa ba dama, ɗan motsin hannu daga nesa ya ishe shi, ba zai ma tashi sama ba, kawai zai miƙa wuya yayi wani ɗan sauti "put" ya juya ya shige daji shikenan kun rabu. Wanda ya iya zama shiru kamar kututture, ya kuma san inda zasu bi, shi ke dawowa da nama, ba wanda ya fi kowa iya kira ba.

Kuma sanin inda zasu bi, manomin nan ya riga ka. Mutumin da yake fitowa tatsar shanu tun duhu kullum ya san wace gona suke sauka, ƙarfe nawa, ta wace kusurwa suke fitowa. Ka same shi lokacin da ba ya cikin aiki ka tambaye shi, ka tambayi iyakar gonarsa daidai domin ƙetarawa gonar wani ba izini laifi ne a nan ko da tsuntsun da ka harba ne ya faɗa can, ka tambayi inda zaka ajiye mota, wace ƙofa ake barin ta a rufe, ina ya riga yayi shuka. A watan Afrilu ƙasa a jiƙe take, in ka shiga masa gona da mota ka bar masa ramukan taya wallahi ba zai ce maka komai ba amma baɗi ba zaka samu izini ba.

Bayan nan kaje da kanka sati ɗaya ko biyu kafin lokacinka, ba bindiga, ba kira, ka tsaya a bakin hanya da asuba ka saurara. A kan manyan bishiyoyi suke kwana, yawanci a gefen tudu ko bakin rafi, kuma kafin gari ya waye mazan suke fara kuka daga sama, ko kukan mujiya suka ji ko hankaka ko tsawa sai su amsa. Da haske ya fito su diro ƙasa. Inda na fi ganinsu shi ne gonar masarar bara da ba'a yi wa huɗa ba tukuna, suna tsintar abin da ya zube, da gonar alfalfa wato ciyawar da suke shuka wa shanu lokacin da take gajeriya, da duk inda aka watsa takin shanu sabo, wannan kam kamar an kira su. Ranar da ake yayyafi kar kace zaka kwanta, a irin ranar ne suke barin cikin daji su fito fili su daɗe.

Ranar farautar ka shiga tun da sauran duhu, ka zauna a bakin gona ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, bindiga a kan gwiwa tana kallon inda kake sa ran fitowarsa, fuska da hannu a rufe. Kar ka matsa ƙarƙashin bishiyar da suke kwana, ka bar tazara kamar yadi 100 ko fiye. Abin kira kuwa ka sayi akwatin katakon nan mai murfi da ake gogawa, shi yafi sauƙi ga sabon shiga, na cikin baki a bar shi sai gaba. Kukan mace kake kwaikwayo, kayi kaɗan a hankali, in namijin ya amsa maka to ya ji kuma ya san daidai inda kake, sai kayi shiru. A ɗabi'arsu macen ce take zuwa wajen namiji, kai kuma kana so ka juya abin, in ka cika kira sai ya tsaya can tsakiyar gona ya baje wutsiya yana jiran macen ta zo, shirun ne yake sa shi ya taho dubawa. Kuma sau da yawa zai daina kuka ya lallaɓo ta gefe ba sauti, a nan ne mutane suke gajiya su miƙe tsaye su kore shi.

Abin da zai fi baka haushi shi ne da sassafe ya diro mata sun kewaye shi, ko me kayi ba zai kula ka ba. Kar ka tafi gida. Wajen ƙarfe 9 zuwa 11 matan suke zamewa su tafi sheƙa, suna yin ƙwai 10 zuwa 12 su kwanta a kai kusan kwana 28, sai ya rage shi kaɗai yana yawo yana nema, kuma namijin da ya amsa kira da hantsi galibi zuwa yake. In ka ci karo da sheƙa a cikin ciyawa ka kauce mata kawai. Tsuntsayen nan sun taɓa ƙarewa ƙaf a jihar nan, sai a 1976 aka kawo na daji daga jihar Misuri aka saki a yankin Vernon na jihar nan, aka buɗe farautar bazara a 1983, shi yasa nake jin zafin wanda baya kiyaye mata da ƙwai.

Bindiga mai harsashin watsi ake amfani da ita, geji 12 ko 20 wato faɗin bakinta, harsashi lamba 4, 5 ko 6 wato girman ƙwayoyin cikinsa. Ka gwada ta a jikin takarda tukuna ka ga yadda take watsawa, kar ka wuce yadi 40, kuma wuya ake nufa daidai inda fatar ta haɗu da gashi, in ka harbi jiki gashin fukafukansa yana da kauri zai tafi da rauni ya mutu a banza. Sai ka ga gemun nan a ƙirjinsa da idonka sannan ka taɓa kunama. Kayi bismillah lokacin harbin, ka tashi da wuƙa mai kaifi ka isa wajensa da sauri, in da sauran rai ka yanka, ka taka ƙafafun don tsinin da ke bayan ƙafarsa yana yanka hannu sosai.

Kar ka sa komai ja ko fari ko shuɗi, ko safa ce ko hankici, launin kan namijin kenan kuma ba ka san wa ke zaune a gonar gaba ba. Kar ka bi sautin kuka kana sanɗa, wataƙila mutum ne yake kira. In ka hango wani mafarauci kayi masa magana da murya, banda ɗaga hannu.

Sai kaska, cutar Lyme da ake ɗauka ta cizonta tana da yawa a jihar nan kuma zama a ciyawa kake yi awa da awanni, ka fesa wa kayanka maganin ƙwarin nan permethrin tun kwana ɗaya kafin nan, ka cusa wando cikin safa, in ka dawo ka duba jikinka sosai.

Babban namiji yana kai kilo 8 zuwa 11. Ƙirjin yana yin kyau a tsire ko suya, cinyoyin kuma da tauri, farfesu zaka yi ka bar su su daɗe a wuta, kar ka yar da su kamar yadda wasu suke yi a nan. Ka ɗiba ka kai wa manomin nasa a dafe da yajinmu. In ka samu takardar ka faɗa min shiyya da satin da aka baka, in bai ci karo da nawa ba in sha Allah zan zo mu zauna tare safiyar farko.