Kula da yaro a gida bayan tiyatar gyaran kunne

Kin ce an gina wa ɗanki fatar kunne da guringuntsin haƙarƙarinsa, kina tambayar yadda za ki kula da shi a gida.

Babban abokin gaba shi ne danniya. Fatar da aka lulluɓe guringuntsin da ita siririya ce, jini kaɗan ke ratsa ta, in aka danne ta sai ta mutu guringuntsin ya fito fili. Don haka kada ya kwanta ta ɓangaren har mako 4 zuwa 6, a tada kansa da matashi biyu, a sa masa riga mai maɓalli a gaba. Wurin ba ya jin taɓi sosai, zai iya ƙonewa ko ya ƙuje bai sani ba, ki riƙa dubawa da idonki. Bandejin kuma kada ya jiƙe, kada a kwance shi sai likita ya ce.

Ƙirjin ya kan fi kunnen ciwo. Ya rungume matashi in zai yi tari, ya riƙa jan dogon numfashi yana ɗan tattaki.

Ciwo mai tsanani farat ɗaya, kumburi mai ƙaruwa, fata ta yi baƙi, mugunya, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius: a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.