Dokta, matsalar fayil ɗinka ba ta kamfani ba ce

Wa alaikumus salam, Dokta. Na ga tambayarka tun jiya, cewa cikin wata biyu fayil ɗin inji, wato siririn ƙarfen da ake share cikin saiwar haƙori da shi, ya karye maka sau biyu kana aikin jijiyar haƙori, duka biyun a turmin ƙasa, kana son a faɗa maka samfurin da ba ya karyewa ka koma masa. Na ga 'yan'uwa sun jero maka sunayen kamfanoni. Ni ba zan ƙara ko ɗaya ba, domin a shekarun da na yi ina wannan aiki babu samfurin da ban ga ya karye ba, ko a hannuna ko a hannun wani. Ka kwantar da hankalinka tukuna, ƙanena, abin da ya same ka ya sami manyanka.

Nawa na farko har gobe ina tuna shi. Turmin ƙasa na farko ne, saiwar gaba, magudanar (siririyar hanyar jijiya a cikin saiwa) da ke ɓangaren kunci. Ita ce mara lafiya ta ƙarshe a ranar, na gaji, baiwar Allah ita ma ta gaji da buɗe baki. Na sa fayil ɗin hannu lamba 10, ya shiga da ƙyar, ya taɓa ƙarshe sau ɗaya, sai na ce ai hanya ta samu. Na ɗauko na inji, lamba 25 mai buɗewa 0.06 (yadda kaurinsa ke ƙaruwa daga tsini zuwa sama), na tura. Ya ɗan cije, maimakon in janye sai na ƙara dannawa kaɗan. Wani ɗan "ƙas" na ji, a yatsa ma na ji shi kafin kunne. Da na zaro na ɗora a kan ma'auni, fayil mai milimita 25 ya koma 22. Zufa ta keto min a ɗaki mai sanyi. Kuma sabo ne fil, a gabanta na fasa ledarsa.

Fayil ta hanya biyu yake karyewa, in kuwa ba ka raba su a kanka ba, za ka yi ta tare ɗaya, ɗayar tana cinka. Ta farko murɗewa ce. Tsinin ya maƙale a wuri mai matsi, inji kuma bai sani ba, yana ta juya gindin, kamar ka danne bakin waya da filaya kana murɗa ɗaya bakin. Ita ce ta same ni. Ta biyu gajiyar ƙarfe ce. A nan fayil bai maƙale ba, yana juyawa lafiya lau, amma a cikin kwana yake. Duk juyi ɗaya, gefen da ke waje ya miƙe, na ciki ya takure, sannan su yi musaya. Ka lissafa da kanka: injin da ke juyi 300 a minti, juyi 5 ke nan a daƙiƙa. In ka tsaya daƙiƙa 10 wuri ɗaya a cikin kwana, ka lanƙwasa ƙarfen nan ka miƙe shi sau 50 a kan gaɓa guda. Haka yaro ke tsinka waya in ba shi da almakashi. Abin da ke rikita masu farawa shi ne, siririn fayil murɗewa ce ajalinsa, mai kauri kuma gajiya. Saboda haka wanda ya ce maka "ɗauki mai kauri, ya fi ƙwari" ya yi gaskiya a miƙaƙƙiyar magudana, a mai kwana kuwa ya tura ka rami.

Ga kuma halin ƙarfen kansa. Fayil ɗin sitil yana da kirki, kafin ya karye sai ya nuna maka: murɗinsa ya warware, ka ga wani wuri yana ƙyalli, ka jefar. Nikel-titaniyom, ƙarfen fayil ɗin inji, wanda mai bincike Walia da abokan aikinsa suka fara gwadawa a matsayin fayil a 1988, ya kawo mana laushin bin kwana da sitil ba shi da shi, amma sau da yawa ba ya sallama. Ka duba shi ka ga kamar sabo, ya shiga ya tsinke. Na zamani da aka gasa, masu launin zinare ko shuɗi, sun fi jure kwana nesa ba kusa ba, ina amfani da su kuma ina yabawa, sai dai laushin nasu bai hana su murɗewa in tsini ya maƙale.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Fayil ɗin inji ba ya buɗe hanya, faɗaɗa hanyar da hannu ya riga ya buɗe yake yi. Lamba 10 na hannu shi ne ɗan jagora. Ina cika ɗakin jijiyar da ruwan haifokulorait mai kashe ƙwayoyin cuta, in lanƙwasa milimita 2 ko 3 na tsinin lamba 10, in shiga da shi ina ɗan juyawa dama da hagu a hankali, ba dannawa. In ya ƙi, in koma 08, in ta kama har 06, babu kunya a ciki. Kai wa ƙarshe sau ɗaya ba shi ne hanya ba, nan na yi kuskurena. Sai na ga ina janye shi milimita 3 zuwa 4 in mayar da ɗan turin yatsa, ya zame har ƙarshe ba tangarɗa, sau da yawa a jere, yana lilo a ciki. Wani haƙorin minti 2 ya isa, wani sai na ci minti 15 a magudana ɗaya, kuma ban taɓa nadamar waɗannan mintoci ba. Sauri kan haifi nawa: mintin da ka tsallake a nan, awa za ka biya kana tonon guntun ƙarfe.

Ka lura da wani abu a lambobin nan. Daga 10 zuwa 15 kaurin tsini ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, alhali daga 55 zuwa 60 bai kai kashi 10 ba. Tsalle mafi nisa yana nan a wurin da magudana ta fi matsi. Shi ya sa lamba 15 na sitil ke yawan yi wa bangon dakali a kwana, shi ya sa kuma aka fito da siraran fayil na share hanya irin PathFile masu lamba 13, 16 da 19. In kana da su, bayan lamba 10 ya saki jiki ne wurinsu, ba kafin nan ba. Sannan duk lokacin da ka zaro lamba 10, kada ka yi saurin miƙe shi. Dube shi tukuna. Siffar da ya fito da ita taswirar magudanar ce, kuma yakan nuna maka kwanar da ta yi wajen kunci ko wajen harshe, wadda hoton eksire ba ya nunawa sam.

Tunda naka duka a turmin ƙasa ne, ina da zato biyu. Na farko ƙofar shiga, wato ramin da ake buɗewa a saman haƙori. A bakin magudanan saiwar gaba akwai ɗan tudun dentin (ƙashin cikin haƙori) da ke hana fayil shiga a miƙe, sai ya lanƙwashe tun daga sama kafin ma ya iske kwanar ƙasa, ya zama kwana biyu yake ɗauke da su. Sa lamba 10 ka saki, ka dubi mariƙinsa. In ya karkata, share tudun nan ta gefen da ke nesa da tsakanin saiwoyi har ya miƙe tsaye. Na san yanzu ana yayin ƙaramar ƙofa don a tattala haƙori, kuma manufar mai kyau ce, amma wanda ba shi da maikroskop kuma hannunsa bai faɗa ba, yayin nan karya masa fayil zai yi. Zato na biyu, magudanan nan biyu na saiwar gaba sukan haɗe kafin su kai ƙarshe, kuma a mahaɗar ɗayar takan shiga da kwana mai kaifi. Ni nakan sa gataparca, wato siririn roban da ake cike magudana da shi, a ɗaya in tura fayil a ɗayar, in zaro gataparcar in duba. In fayil ya yi mata tabo, to sun haɗu, kuma ga daidai wurin. Sai in gyara wadda ta fi miƙewa har ƙarshe, yawanci ta ɓangaren harshe, ɗayar in tsaya da ita a mahaɗa.

A hoto ma kada ka tsaya ga girman kusurwa kawai, yadda mai bincike Schneider ya koyar a 1971. Pruett da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa kaifin kwanar shi ma yana da nasa hukuncin. Saiwa mai lanƙwasa a hankali kamar baka ba ta ba ni tsoro. Wadda ta taho a miƙe ta karya kwana farat ɗaya a milimita 3 na ƙarshe, ita ce maciyar fayil. Irin wannan nakan gyara sama da inji, ƙasan in ƙarasa da hannu, ko in sauka zuwa fayil mai buɗewa 0.04.

Batun hannu kuwa, nauyin da za ka ɗora bai wuce na rubutu da fensir mai tsini ba. Fayil ya shiga yana juyawa, ya fita yana juyawa. Ciki da waje sau 3, ka fito, a goge shi da goz, ka wanke magudana, ka mayar da lamba 10, sannan ka koma. Busasshiyar magudana ba a shigarta. Kafin a goge, dubi inda garin dentin ya taru a jikinsa: in a tsakiya ne ko sama, aiki na tafiya daidai, in kuwa a tsini ya cunkushe, tsinin ne ke ɗauke da kayan, ka tsaya ka ƙara buɗe sama. Gudun inji da ƙarfin murɗawa ka sa yadda mai fayil ɗin ya rubuta. Amma kada ka miƙa wa inji amanarka. In ya fara komawa baya da kansa yana ƙara, gargaɗi yake maka, ba cewa yake ka sake gwadawa ba, kuma wannan dabara tasa ba ta san komai game da gajiyar ƙarfe ba. Injin da ke juyi gaba da baya, wanda Ghassan Yared ya bayyana a 2008, ya rage karyewa sosai, amma shi ma na ga an kawo min haƙori da guntunsa a ciki.

Sau nawa za a yi amfani da fayil? A Ingila a 2007 an ba da umarnin sau ɗaya a jefar, ko da yake dalilinsu tsoron cutar ƙwaƙwalwar nan ce mai alaƙa da haukan shanu, wadda turara kaya ba ya kashe sinadarinta, ba karyewa ba. In kana da hali, hakan ya fi. In ba hali, to a ƙirga da gaske, a rubuce, kada a dogara da "ina jin sau biyu ne". Kuma magudana ake ƙirgawa, domin turmi ɗaya magudana 3 ne ko 4. Wanda ya shiga kwana mai kaifi ya gama aikinsa a ranar ko da sabo ne. Lamba 08 da 10 kuwa, da sun ɗan nuna lanƙwasa nake jefarwa, wani haƙorin yakan cinye min 4. Ka kuma kula da jabu, suna nan da kwali mai kama da na asali.

Waɗanda suka riga suka karye, ina fata ka faɗa wa masu haƙoran. In ba ka yi ba, ka kira su. Ka ɗauki hoto, ka nuna musu, ka rubuta a fayil ɗinsu na asibiti. Ni ranar nan bakina ya yi nauyi, amma na faɗa mata, abin da ta tambaya kawai shi ne ko zai yi mata illa. Guntun ƙarfen kansa ba ya kawo ciwo, abin tsoro shi ne ƙwayoyin cutar da ya toshe wa hanya ba a wanke su ba. Binciken Spili da Parashos da Messer na 2005 ya nuna cewa a hannun ƙwararru barin guntun bai rage warkewa wani abin a zo a gani ba, kuma abin da ya fi tasiri shi ne ko akwai rauni a ƙashin ƙarshen saiwa tun farko. In guntun na sama inda ido ke gani, ana iya fitar da shi da girgizar altrasonik a ƙarƙashin maikroskop. In ya wuce kwana, gwada ratsa gefensa da 08 ko 10 cikin haƙuri, in ya ƙi ka tura wa wanda ya fi ka kayan aiki. Na ga saiwoyin da aka huda wajen tono, garin gyaran gira aka rasa ido. Nawa na farkon nan ban iya ratsa shi ba. Jijiyar tana da rai lokacin da na fara, babu rauni a ƙashi, sai na wanke sosai na cike har inda ya tsaya, na riƙa ɗaukar hoto har shekara 2, haƙorin lafiya ƙalau.

In ragowar fayil ɗin biyu suna nan ba ka jefar ba, ɗauko su ka duba bakin karayar da tabarau mai ƙara girma. In murɗin da ke kusa da wurin ya warware ko ya juya baya, murɗewa ce, sai mu koma kan share hanya da nauyin hannunka. In ya yanke tsaf kamar an sa wuƙa, jikinsa bai canza ba, gajiya ce, sai mu dubi kwana da yawan amfani. Ka turo hotonsu tare da eksiren haƙoran, ka faɗi lambarsu da sau nawa suka yi aiki, mu duba tare.