Amsoshin Tambayoyinku: Tanadin Gida Kafin Ruwa Ya Sauko a Jidda

Tun da hadari ya fara haɗuwa, kuma saƙonnin gargaɗi na Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da agajin gaggawa ta Saudiyya, suka fara shigowa wayoyin jama'a, tambayoyin da ake aiko mini suka koma kan abin da ya kamata a saya a ajiye a gida.

Wata uwa daga unguwar Karantina a Jidda ta ce 'ya'yanta huɗu, maigida yana aikin dare, kuma duk sa'ad da waya ta yi ƙarar gargaɗi sai gabanta ya faɗi. Tana son sanin abin da za ta fara saya da ɗan abin da ke hannunta.

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, kuma tsoronki ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya ga ranar 25 ga Nuwamban 2009, alhazai suna Mina ambaliya ta share unguwar Ƙuwaiza, mutum fiye da 100 suka rasu a Jidda, ba zai raina hadari ba. Ki fara da ruwan sha. A lissafa lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana uku, wato ku shida lita 72, jarkoki huɗu masu lita 20 sun wadatar. Kada ki dogara da tankin ƙasa, domin ruwan kwata yana iya malala cikinsa, kuma idan wuta ta ɗauke injin da ke tura ruwa sama ba zai tashi ba, mai wayit kuwa, wato tankar ruwa, ba zai shigo lungun da ya cika ba. Bayan ruwa sai abin da ake ci ba tare da an ɗora tukunya ba, kamar dabino, gwangwanin kifi da na wake, biskit da madarar gari, kina ƙara ɗaya ko biyu duk lokacin da kika je baƙala, wato shagon unguwa. Iƙama, wato katin izinin zama, da fasfo da takardun haihuwar yara ki sa su a leda mai ƙulli, ki ɗora a saman kabad. Ki rubuta lambar gaggawa ta 911 a bango inda babban yaronki zai gani, tare da 998 na Difa'ul Madani da 997 na motar asibiti.

Wani saurayi mai zama a hawa na uku a unguwar Hindawiyya yana tambaya ko ya sayi ƙaramin janareto ya ajiye a banɗaki.

Ɗana, da ka yi tunani kafin ka rubuto. Janareto yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta tafi da shi, har da maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wutar nan ba ta yawan ɗaukewa har da za ka jefa gidan haya cikin wannan haɗari. Ka sayi tocila mai kyau, ka riƙe sauran kuɗinka.

Wani magidanci daga Makka ya ce ya ga batirin cajin waya a kan riyal 25, an rubuta 50,000 a jikinsa a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, ga tausila, wato wayar jona kayan wuta, mai baki shida a shagon kayan araha na Abu Riyalain, yana ganin ya yi tsintuwa.

Malam, a nan zan tsaya, domin wannan ce cutar da ta fi damuna. Batirin da ya kai 50,000 na gaskiya nauyinsa ya kusan kilo guda, saboda haka idan ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar sabulu, lambar nan fenti ce kawai. Na gaskiya mai 10,000, wanda zai cika waya kusan sau biyu, ya fi maka amfani nesa ba kusa ba. Abin takaicin kayan gaggawa na jabu shi ne ba ka gane ha'incin sai daren da kake buƙatarsu, ga duhu, ga ruwa a tsakar gida, ga waya ta mutu. Tausilar kuwa ta fi muni, domin wayar da ke cikinta siririya ce, a jona mata butar shayi da dutsen guga sai ta yi zafi ta narke, mutum ya sayo gobara da kuɗinsa da sunan tanadi. Mutanenmu za su kashe ɗaruruwan riyal a kan turare da atamfar biki ba tare da ciniki ba, amma a kan abin da zai tsare ran iyali sai a nemi mafi araha, an manta cewa araha ba ta ado. Ka duba tambarin inganci na SASO, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, ka karɓi rasit, kuma idan an cuce ka akwai lambar Ma'aikatar Kasuwanci, 1900. Haka tukunyar kashe gobara: kada ka saye ta a gwanjo, ka duba allurarta tana kan kore, ka duba ranar da aka cika ta, sannan ka koya wa uwargida yadda ake zare fil ɗin. Na sha shiga gidajen da aka rataye ta shekara da shekaru, ƙura ta rufe ta, babu wanda ya taɓa karanta rubutun jikinta.

Wani direba yana tambaya ko babbar mota za ta iya ratsa hanyar ƙarƙashin gada idan ta cika.

Alhaji, kada ka gwada. A ranar 24 ga Nuwamban 2022 an auna milimita 179 na ruwa a kudancin Jidda cikin sa'o'i shida, har aka rufe hanyar Makka, kuma motocin da ruwa ya tara a kan juna ba ƙanana kaɗai ba ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, kai kuma daga kujerarka ba ka ganin zurfinsa. Ka juya, ka kira mai motar ka gaya masa za ka makara.