Gidan da ba ka kwana a cikinsa ba "homste" ba ne

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko mini da wannan tambaya: "Ina da gida mai ɗaki shida a Fagge, na gyara shi, kowane ɗaki da banɗakinsa. Ni da iyalina a Yakasai muke zaune. Yaron da ke yi mini harkar intanet ya ce mu sa gidan a shafukan neman masauki na Booking.com da Airbnb da sunan 'homste', wai Turawa sun fi son haka, kuma wai ba sai na yi rajistar otal ba. Ina so in sa kwana ɗaya naira 20,000. Na ga mutane da yawa sun yi haka. Akwai matsala?"

Alhaji, akwai. Yaronka bai yi ƙarya ba da ya ce mutane da yawa na yi, amma bai faɗa maka abin da kalmar take ɗora maka a wuya ba.

Abin da Bature yake nufi da "homste" shi ne sauka a cikin iyali. Mai gida yana nan, a gidan yake kwana. Baƙo zai ci abin da aka dafa a tukunyar gidan, ya ji hayaniyar yara da safe, ya samu wanda zai ce masa ga hanyar kasuwa, ga abin da ba a yi a unguwar nan. Ɗakin kwanan shi ne mafi ƙanƙanta a cinikin, zaman tare ake saya. A Indiya, tsarin da ma'aikatar yawon buɗe ido ta shimfiɗa ya ce dole mai gida ya kasance yana zaune a wurin, kuma ɗakunan haya kada su wuce shida. Malesiya ta ƙaddamar da nata shirin a hukumance tun 1995, don mutanen karkara su riƙa saukar da baƙi a gidajensu su samu na cefane. To amma a can ɗin ma sunan ya kuɓuce wa masu shi: yau duk wanda ya sayi gida ya zuba katifu, sai ya liƙa masa "homste".

Me ya sa ake ta yin haka? Na farko dai sunan kyauta ne. Lokacin da kake cike bayanin gidanka a shafin, kai za ka zaɓi rukunin da kake so, ba wanda zai taso ya zo Fagge ya leƙa ko kana kwana a ciki. Sannan sunan yana da farin jini wajen mai yawon buɗe ido da otal ya gundure shi. Amma babban dalilin, mu faɗa wa juna gaskiya, shi ne wanda yaronka ya ambata a ƙarshe: gudun rajista da haraji. Mutum yana so ya ci kuɗin otal, amma hukuma ta ɗauke shi kamar mai saukar da ɗan'uwansa. A nan Kano ma akwai ƙari a kai. Kalmar "otal" tana da nauyi a kunnen mutanenmu, dattijo mai mutunci ba ya so a ce "ai Alhaji wane otal ya buɗe", don haka sai ya nemi suna mai laushi ya fake da shi.

Na taɓa raka wani baƙo da ya zo daga Turai kallon Hawan Daushe zuwa irin wannan masauki. Ya biya kuɗinsa tun daga can, cinikin biri a sama, har ya taho da tsarabar alewa don yaran gidan. Muka isa bayan magariba. Maigadi ne ya taso daga kan benci, ya laluba aljihu ya miƙo makulli ɗaure da igiyar leda, ya nuna masa inda ake kunna janareta, ya koma wajen rediyonsa. Ba mai gida, ba yara, ko ruwan zafi babu wanda zai dafa. Ɗakin kuwa tsaf yake, ba abin kushewa. Da an ce masa gidan baƙi ne, da ya kwana ya tashi yana godiya. Amma an yi masa alkawarin abin da babu, sai ya koma ya rubuta hakan a shafin, inda duk mai neman masauki zai karanta kafin ya taɓa aljihunsa. Kai ɗan Kwari ne, ka fi ni sanin abin da ke biyo baya idan aka sayar wa mutum ƙaramar shadda da sunan gezna: sau ɗaya zai saya, kuma ba zai yi shiru ba. Algus ne, ko a yadi ko a ɗakin kwana.

Batun rajista kuwa, canza suna ba ya canza sana'a. Hukuma abin da kake yi take dubawa: kana saukar da mutanen da ba ka sani ba, suna biyan ka kuɗin kwana. Tun 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, cewa rajista da sa ido kan otal-otal da masaukai hurumin jihohi ne. Saboda haka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa tana nan Kano. Ka yi wa sana'ar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka je hukumar yawon buɗe ido ta jiha ka faɗa musu ainihin abin da kake da shi su gaya maka rukuninka, ka tuntuɓi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kan mayar da gidan zama wurin kasuwanci, sannan ka san matsayinka a hukumar tattara haraji ta jiha. Akwai kuma dokar tarayya ta kare masu saye ta 2018, wadda ta haramta yaudarar mai saye wajen bayyana kaya ko hidima. Kada kuma ka manta a garin da kake. Gidan da baƙin fuska ke shiga suna fita, ba mai gida, ba littafin rubuta sunan baƙo, ba ya daɗewa maƙwabta ba su kai maganarsa wajen mai unguwa ba, daga nan sai Hisba. Ranar da suka zo, takardarka za su tambaya, ba abin da ka rubuta a intanet ba.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan nake ganin yaronka ya fi yin kuskure. Turawan da yake hange, yaushe suke zuwa? Galibi lokacin hawan Sallah, sau biyu a shekara, 'yan kwanaki kaɗan. Gaskiya ne UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, abin alfahari ne. Amma a 2024 da 2025 an yi Sallolin da 'yan sanda suka hana hawa saboda rikicin masarauta. Wanda ya gina lissafinsa a kan dawakai, ranar da ba a hau ba ɗakunansa a rufe za su kwana. Ga kuma kamasho: Booking.com yakan cire wajen kashi 15 cikin ɗari, wato a naira 20,000 ɗinka, 3,000 ta tafi kafin ka sayi man janareta ko ka biya mai wanki.

Alhali kuwa kasuwarka tana bakin shagonka. Mutanen Nijar da Chadi da Kamaru da ke zuwa sari Kwari, da na Maiduguri da Yola da Sakkwato, duk shekara suna tafe, ba ruwansu da Sallah. Ba su neman hira da iyalinka. Suna neman ɗaki mai tsabta kusa da kasuwa, ruwa da wuta, wurin alwala, da ɗakin ajiya mai ƙwaƙƙwaran kwaɗo inda dilarsu za ta kwana lafiya kafin mota ta tashi. Wannan ba sabon abu ba ne a Fagge, unguwar da ta tashi a matsayin zangon fatake. Fatoma yakan sauki baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye ko mai sayarwa, ya ci la'adarsa. Da ni ne kai, ɗaki ɗaya cikin shidan zan mayar sito, in yi wa 'yan sari farashin mako, in sa amintaccen mutum mai kwana a gidan da littafin baƙi a gabansa. Abokan cinikinka da ka sani shekara da shekaru su za su fara cika maka shi, ba tare da ka ba kowa kamasho ba. A intanet kuma ka rubuta shi a rukunin gidan baƙi, da hotunan ɗakunan yadda suke.

In kuma zuciyarka na kan "homste" na gaskiya, to gidanka na Yakasai ne ya dace, ba na Fagge ba. Daga can marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi duk ba nisa. Sai dai fa ka zauna da Hajiya tukuna, don ita za ta ɗauki nauyin girki, kuma gidan Bahaushe "ba shiga" ne. Namiji baƙo iyakarsa zaure ko ɗakin ƙofar gida, nan za a kawo masa tuwo ku ci tare. Mace ce za ta iya wuce shigifa ta zauna a tsakar gida ta ga yadda ake tuƙa tuwo da dama fura. Duk wannan sai ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a tallan: wa ake karɓa, ina zai kwana, ba giya, ma'aurata kawai ke haɗa ɗaki, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. Ka fara da ɗaki ɗaya a Sallah mai zuwa, ka ware wa Hajiya kasonta daga kuɗin tun kafin baƙon farko ya sauka.